Goggo Yagana Mai Gaida Daɓe

Duk wanda ya riski Goggo Yagana a garin nan na Lafiya ya san ba ta fara gaida mutum. In ta yi sallama a gidanka, sai ka miƙe da fara'arka kana maraba lale, ita kuwa ta wuce ka kamar ta wuce turmi. Ta shiga ɗaki, ta durƙusa, ta lanƙwashe yatsa ta ƙwanƙwasa ƙasa, ta kara kunne. In ta ji abin da take son ji, sai ta ce, "Ka kwana lafiya?" Daɓen ɗakin take tambaya. Bayan nan ne za ta ɗago ta dubi masu gida ta ce, "Ku kuma fa?"

Ku da kuka san ta, a tsufanta kuka san ta, tana dogara sanda, kuna yara kuna bin ta kuna ƙyaƙyatawa. Ni kuwa, ita ƙanwar ubana ce. A ɗakinta na tashi, a hannunta na koyi riƙon madaɓi. Yau in na duba dama na duba hagu, cikin waɗanda muka durƙusa tare ba wadda ta rage sai ni. Shi ya sa nake so in ba ku labarinta tun bakina yana iya ɗauka, don abin da mutum ɗaya kaɗai ya sani, rabinsa ya riga ya shiga rami.

A wancan zamani ba siminti. Mai son ɗakinsa ya yi kyau sai ya sa a zubo masa marmara, a jiƙa masa makuba, wato ɓawon ɗorawa, har ruwan ya yi jawur, sa'an nan ya aika wa Goggo da goro. Ita ce uwar daɓe. Mu mata ne, ba mu kai goma ba, kowa da madaɓinta, guntun icce mai faɗi da mariƙi. Sai mu durƙusa a jere, kafaɗa da kafaɗa, mu yi ta dukan ƙasa, ana yayyafa makuba, yau da gobe, har ta kwanta ta yi santsi, ƙuda ya sauka ya zame. Aiki ne mai cin gwiwa da ƙugu. Kuma ba ya yiwuwa da hannu ɗaya. In wannan gefe ya bushe kafin a daki wancan, daɓe ya tsage, wahala ta tashi a banza.

To kun gani, duk dukiyar Goggo mu ne. Ba ɗa, ba 'ya. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ta ce ta gama da wannan babin. Tsoronta a duniya guda ne, kada wata safiya ta fito da madaɓi ta waiwaya ta ga ba kowa a bayanta. Ba ta taɓa faɗa da baki ba. Amma duk rigimar da za ku ji, daga nan ta samo asali.

Bari in fara da akuyar Malam Bukar. Falke ne, yana fataucin gishirin Awe, mun yi masa daɓen zaure shekarun baya. Wata rana da damina muna dawowa daga aiki, Goggo ta ce mu biya mu gaida zauren. Muna shiga sai ga akuya a ɗaure a tsakiya, ta yi abin da akuya ke yi. Malam Bukar yana kan buzu yana jan carbi.

Goggo ta ce, "Malam Bukar, wa ya ba wannan masauki a nan?"

Ya ce, "Haba Goggo. Ruwa ake yi. Zaurena ne, akuyata ce."

Ta ce, "Akuya taka ce. Zaure ma naka ne, daga bango zuwa sama. Daga ƙasa kuwa gwiwar mata ce."

Ya ce, "To ina kike so in kai ta?"

Goggo ta nufi akuyar. Ta kwance igiya, ta ja akuya, ta ratsa tsakar gida matansa suna kallo, ta shiga turakarsa, ta ɗaure ta a ƙafar gado. Ta fito tana karkaɗe hannu ta ce, "Nan ba mu muka daɓe ba."

Malam Bukar bai ƙara ɗaure ko kaza a zauren nan ba har ya bar duniya. In an tambaye shi, sai ya ce shi haya yake yi a kan ƙasar Yagana.

Amma riƙon ƙasa mai sauƙi ne, ƙasa ba ta da ƙafa. Riƙon mutane shi ne aiki. A cikinmu akwai Laraba, Ba'alaga ce, wato 'yar ƙabilar Alago, daga wajen Akurba, doguwa, mai hannu kamar na maƙeri. In Laraba ta saki madaɓi, sai ka ji a haƙorinka. Hausarta kuwa, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Wata safiya muka taru a gidan da za mu yi aiki, babu Laraba.

Goggo ta ce, "Ina Laraba?"

Kande ta amsa. Kande ita ce gajeruwarmu, bakinta kamar kwando, ba abin da yake riƙewa. Ta ce, "Ta ce ta gaji, Goggo. Ta ce gwiwarta ba ta gado ba ce, ta bar daɓe har abada."

Goggo ta miƙe tsaye. Can ta ce, "Ku ɗauki kayanku."

Muka zaci gida za mu. Ashe Akurba za mu. Muka ɗauki tukwanen makuba a ka, muka bi ta a jere kamar masu kai amarya, har ƙofar gidan Laraba. Goggo ta yi sallama, ta shiga, ba ta nemi kowa ba, ta fara yayyafa ruwa a tsakar gida. Ta ce, "Ku durƙusa." Muka durƙusa.

To al'adar ita ce, duk gidan da madaɓi ya sauka, mai gidan ne zai ciyar da masu daɓe har a gama. Kowa ya san wannan. Mijin Laraba manomin doya ne, yana da rumbu, amma hannunsa kamar an ɗinke. Ranar farko kunya ta sa ya yanka mana kaza. Kashegari muka dawo, aka kirɓa sakwara, Kande ta nemi ƙari. Duk wannan Laraba tana cikin ɗaki ta ƙi fitowa, sai dai muna jin tsakinta. Da muka sake dawowa, ta ɗaga asabari ta leƙo.

Ta ce, "Goggo, ni bai kira ku ba."

Goggo ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ba ki kira ba. Ke ba ki zo wurin aiki ba, aiki ya zo wurinki." Sa'an nan ta juya wajen mijin, ta ce, "Maigida, tsakar gida ta kusa. In mun gama sai gindin rumbu, daga nan bayan gida, daga nan hanyar rafi."

Mutumin ya dubi rumbunsa, ya dubi Kande tana suɗe hannu. Ya shiga ɗaki da kansa ya ɗauko madaɓin Laraba, ya riƙe shi hannu bibbiyu ya ce, "Laraba, don girman Allah ɗauki iccen nan ki bi su. In gwiwa ya ƙare, ni zan riƙa goya ki."

Laraba ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata. Ta fito. Amma ga abin da mutane ba su sani ba. Da muka koma aiki, Goggo ta ciro wani gammo na tsumma da ta naɗa da hannunta, ta jefa mata ta ce, "Sa a gwiwa." Kuma ba ta bar ta ta durƙusa ba sai da kumburin ya sace. Yayyafa makuba ta ba ta, a tsaye. In wata ta yi ƙorafi, sai Goggo ta ce, "Ke ma in taki ta kumbura, mijinki ya tanadi doya."

Maƙonta kuwa, wannan kun ji labari. In an kawo goron aiki, ba za ta raba guda guda ba. Sai ta ɗauki ɗaya, ta ɓara, ta ciro 'yar wuƙa ta yi ta yanka har kowa ya samu kamar farcen jariri. Sauran ta ƙulle a bakin zane. Laraba ta taɓa ɗora nata a tafin hannu ta ce, "Goggo, wannan in ya faɗi, tururuwa ma zai ce sadaka ya yi kaɗan."

Goggo ta ce, "In na ba ku duka yau, gobe da bakin wa za ku zage ni?"

Haka kuwa ake yi. Kullum da hantsi a yanka goro, kullum a zage ta, kullum a yi dariya, gajiya ta wuce. Goron da wasu za su cinye a zama ɗaya, mu sai ya kai mu ƙarshen aiki.

Sai maganar yabo. Goggo ba ta yabon mutum a gabansa. Ko ka daɓe ɗaki har kana ganin fuskarka a ciki, iyakarta ta taɓe baki ta ce, "Ba laifi." Amma wata rana muna hanyar rafi ɗibar ruwa, Kande ta ja ni gefe tana raɗa.

Ta ce, "Tani, zan faɗa miki wata magana, amma ki rufa mini asiri. Jiya Goggo ta ce da ni, duk cikinmu ba mai hannun gyara lungu irin naki. Ta ce in ba ke, da ta daɗe da ajiye madaɓi. Ta ce kada in faɗa miki, wai kanki zai kumbura."

Ai kuwa ya kumbura. Daga ran nan ni ce farkon zuwa, ni ce ƙarshen tashi. In na ga lungu sai in faɗa masa kamar ya zagi uwata. Ina duban sauran ina jin tausayinsu a raina, ina cewa bayin Allah, ba su san matsayina ba. Aka daɗe a haka, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce.

Ran nan ana suna a unguwarmu, muna zaune muna tsintar shinkafa, gardama ta tashi tsakanina da Laraba a kan wa ya fi aiki. Zuciya ta ɗebe ni na ce, "Ke bari in faɗa miki, Goggo da bakinta ta ce in ba ni, da ta ajiye madaɓi."

Laraba ta saki faifai. Ta ce, "Ni ne ya ce wa haka."

Wata daga can ta ce, "A'a, ni dai aka ce." Wata ma ta ce ita ce. Muka juya gaba ɗaya muka dubi Kande. Kande ta ce, "Ni kuma me na yi? Abin da aka ce kada in faɗa, shi na faɗa."

Muka tashi da zugarmu sai gidan Goggo. Muka same ta tana ferar sabon madaɓi a gindin bishiya. Laraba ta riƙe ƙugu ta ce, "Goggo, yau sai ka faɗa mana gaskiya. Wane ne ya fi?"

Goggo ta hure ɓawon icce daga cinyarta. Ta ce, "Ƙarya na yi wa wata a cikinku? Tani ba ta iya lungu ba? Ke ba ki da nauyin hannu?"

Muka ce ba wannan muka tambaya ba, wacece ta fi.

Ta ce, "Wadda na waiwaya na gani a bayana gobe da safe."

Sai Kande ta fara matsar hawaye. Ta ce, "Ni fa? Shekara da shekaru ina dakon yabon mutane a ka kamar jakin Awe, ni ba wanda ya taɓa kawo mini nawa."

Goggo ta nuna ni da wuƙa. Ta ce, "Naki na ba wannan tun bara waccan. Na ce kada ta faɗa miki. Ita kuma shashasha sai ta ƙi faɗa."

Kashegari tun rana ba ta yi zafi ba kowa ya hallara, har da wadda ta rantse a wurin suna cewa ta bar aikin.

Haka muka yi ta tafiya. Wata ta yi aure ta bar gari, Goggo ta samo wata. Wata ta haihu, a ajiye mata gurbinta a jere, ba mai shiga sai ta dawo. Muka daɓe ɗakuna a cikin gari, muka je har Arikya. Ana nan ana nan, sai aka ce Nasara yana shimfiɗo hanyar ƙarfe ta jirgin ƙasa daga kudu, za ta ratsa ta gefen gari. Kafin mu ankara leburori sun cika wurin, kowace irin ƙabila, kowane irin harshe, kuma dukansu da ciki. Mace in ta kafa tukunya a bakin aikin nan, kafin azahar ta ga gindinta. Ba durƙuso, ba kumburin gwiwa.

Kande ce ta fara tafiya, da ƙosai. Wata ta bi ta da tuwo. Laraba ta daure ta daure, mijinta ya ce ga doya tana ruɓewa ga masu saye, ita ma ta tafi. Ba wanda zai ga laifinsu, kowa da bakin da yake ciyarwa. Wannan karon ba gidan miji ba ne balle a je a cinye masa rumbu. Goggo ta je wurin sau ɗaya tak. Ta zagaya rumfunansu, kowa yana sunkuyar da kai yana, "Sannu da zuwa, Goggo." Ta sa ƙafa ta shuri ƙasar wurin, ƙura ta tashi. Ta ce, "A kan wannan kuke wuni?" Ta juya ta dawo. Ba ta roƙi kowa ba.

Ni a lokacin ina jego, ina ɗaki ba fita. Maƙwabcinmu wani maɗinki ya gina sabon ɗaki, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ya aika wa Goggo da goro, ta karɓa. Aka ce mata da wa za ki yi, ta ce madaɓi bai tambaye ta ba.

Da hantsi ina zaune da jariri a cinya, sai na ji. Ku ba ku san ƙarar daɓe ba. In hannu da yawa ne, kamar ruwan sama ne a kan ganye, ba ka rarrabe na wannan da na waccan. Wannan kuwa guda ɗaya ne. Ya sauka, a yi shiru. Ya sauka, a yi shiru. Sai kuma na ji ta ɗauko waƙar da muke yi don hannu ya daidaita. Ita ce ke bayarwa, ta ce, "Ƙasa kwanta, ƙasa kwanta." Mu kuma mu amsa, "Wata rana ke za ki kwantar da mu." To sai ta ba da nata, ta yi shiru daidai tsawon amshin, kamar akwai masu amsawa, sa'an nan ta sake bayarwa. Ba ta cike gurbin da kanta ba. Ta bar shi a buɗe.

Na jure na farko, na jure na biyu. Daga nan na kasa. Na ɗaga murya daga cikin ɗaki na amsa mata ta kan katanga. Uwar mijina ta leƙo ta ce, "Ke lafiyarki? Mai jego da waƙa?" Ban kula ta ba.

Madaɓi ya tsaya. Na ɗauka kuka take yi, don ni ina yi. Can sai na ji muryarta ta bayan katanga.

Ta ce, "Tani."

Na ce, "Na'am, Goggo."

Ta ce, "Kina jan amshin da yawa. Gajarta shi."

Haka muka wuni, ita da hannu ni da baki. Amma baki ba ya daɓe. Ƙasa ta bushe mata ta gabas tana yamma, daɓe ya tsage daga bango zuwa bango. Shi ne na farko da ya taɓa tsagewa a hannunta. Maɗinkin mutumin kirki ne, ya ce ba komai, zai shimfiɗa tabarma a kai. Ta kwance bakin zanenta, ta mayar masa da goronsa cif, ko ɓari ba ta yi ba. Ta koma gida ta soke madaɓi a jinka.

Daga nan ne kuka san ta. Tsohuwar da kuke gani tana bin gidaje da sanda, aikin da ya rage mata ke nan. Ni ina leƙa ta, ina kai mata tuwo. Sauran kuwa sai a suna ko a gaisuwar mutuwa. In sun hango ta sai su canja hanya, ba don ƙiyayya ba, don nauyi.

Kwanci tashi, ciwo ya kwantar da ita. Wata rana na haɗu da Laraba a kasuwa, ita ma ta fara furfura, na ce ta raka ni. Ta yi ta noƙewa, daga baya ta biyo ni. Muka tarar da Goggo a kan tabarma, tabarma a kan turɓaya. Ni a ɗakin nan na girma, idona ya saba, ban taɓa kawo komai a raina ba. Laraba ce ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ƙasa.

Ta ce, "Goggo, duk Lafiya kai ka daɓe shi. Naka ɗakin fa?"

Goggo ta ce, "In na kira ku wa zai ciyar da ku? Na san cikinku."

Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta juya fuska wajen bango ta ce, "Daɓe na ɗakin da ake taruwa ne. Nan wa zai zauna?"

Laraba ta sake duban ƙasa. Ta ajiye doyar da ta kawo, ta fita ko sallama babu. Na ce a raina ta ji haushi. Kashegari da safe sai ga ta da kwandon marmara a ka, Kande a bayanta da tukunyar makuba, da sauran waɗanda ke raye kuma ke gari. Kowa ya bar wa 'yarsa rumfa. Wasu madaɓansu gara ta ci, sai aro suka yi.

Muka ɗauko Goggo da tabarmarta muka ajiye a inuwa, daidai inda za ta riƙa hango cikin ɗaki. Ba ta ce sannunku ba. Ta ce, "Kande, wannan makubar ce ko ruwan wanke hannu?" Ta ce, "Laraba, ƙosai ya cinye miki hannu." Laraba ta ce, "Doya nake sayarwa, Goggo." Ta ce, "To doya ta cinye."

Muka yi aiki irin wanda ba mu taɓa yi wa attajiri ba. Da ya bushe ya yi ƙyalli, muka mayar da ita ciki. Ta miƙa hannu ta shafa ƙasa, ta daɗe tana shafawa. Mu kuwa muna jira.

Ta ce, "Bakin ƙofa bai ji ba. Ku dawo gobe."

Muka dawo, muka daki bakin ƙofa. Ta ce bayan randa akwai tudu. Muka dawo. Ta ce gindin bango na kudu yana da rami, wai tana jin sa a haƙarƙarinta. Muka dawo. Kande ta ce, "Goggo, in muka ƙara dukan ƙasar nan, rijiya za mu tono miki a ɗaki." Ta ce, "In kun tono, sai ku daɓe bakinta."

Duk mun gane. Sai ya zama da hantsi mu zo, kowa da madaɓinta, mu ɗan bubbuga inda ta nuna, sa'an nan mu baje a kan daɓen mu miƙe ƙafa. A yi hirar miji, a yi ta jikoki, a yi gulmar leburori. Kande ta kawo ƙosai, Laraba ta gasa doya. Goggo tana kwance ido a rufe, ka ce barci take, sai an yi kuskure a labari ta gyara. In za mu tashi ta samo wani sabon aibi. Akwai ranar da ta rasa abin faɗa, ta ce ƙyallin ya yi yawa yana kashe mata ido, a zo a rage.

Ran nan muka zo, muka bubbuga, muka zauna. Da la'asar ta yi muka fara ɗaura gyale, muna jiran a faɗa mana laifin gobe. Ta shafa ƙasa da bayan hannu, don tafin ya daina juyuwa. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Ya yi."

Ba wadda ta motsa. Kande ta toshe baki da gyale. Sai Laraba ta durƙusa da gwiwar nan tata, ta je lungun da ya fi ko'ina santsi, ta buga shi da tafi. Ta ce, "Ƙarya ne, Goggo. Nan bai yi ba. Idonka ne ya tsufa. Gobe muna zuwa."

Goggo ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "To, tun da kun matsa."

Muka zo kuwa. Muna jere a bayanta, kowa da madaɓi a cinya, Laraba tana riƙe da kan Goggo, ni ina tuna mata kalmar shahada, har ta cika. Rana tsaka ne, ɗaki cike da mutane, har wasu sun rasa wurin zama.

Sauran duk sun bi ta, ɗaya bayan ɗaya. Ni ce aka bari ina gadin labari. Allah ya jiƙan Goggo Yagana, ya jiƙan Laraba da Kande da sauran 'yan jerenmu. Ita da ta ƙare rayuwarta tana taurara wa mutane ƙasa, Allah ya sa wadda ta kwanta a ciki ta yi mata laushi. Ya yalwata mata, ya haskaka mata, kada ya bar ta ita kaɗai. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.